Rubuta Sabon Kanel ko Ɗaukar Wanda Ke Akwai: Yadda Ake Yanke Shawarar Mataki-Mataki

Duk wanda ya daɗe yana aiki a wurin da manhaja ke magana da furosesa da memori kai tsaye, wata rana sai tunani ya zo masa cewa da shi ne ya tsara kanel tun daga tushe, da abin ya fi haka tsafta da sauri. Kanel shi ne zuciyar tsarin aikin kwamfuta: shi ke karɓar ragamar na'ura bayan an kunna ta, shi ke raba lokacin furosesa tsakanin shirye-shirye, shi ke hana wani shiri taɓa memorin wani, kuma shi ne ke tsaye tsakanin kowace manhaja da faifai, allo, madannai ko katin sadarwa. Wannan tunanin ba abin raini ba ne, domin daga irinsa Linux ya fito a shekarar 1991, lokacin da Linus Torvalds yake ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Sai dai a ganina mafi yawan masu tambayar suna auna abin da bai kamata su fara aunawa ba. Suna tambayar kansu ko za su iya rubuta kanel, alhali ƙwararren mai shirya manhaja yana iya tada ƙarami cikin 'yan makonni. Abin da ke yanke hukunci shi ne wanda zai ɗauki nauyin wannan kanel ɗin shekara goma bayan an rubuta shi, da kuma abin da za a rasa a ranar da aka juya wa na jama'a baya. Matakan da ke biye an jera su ne domin mutum ya isa ga amsar da hujja a hannunsa.

Mataki na farko: ka faɗi manufarka ba tare da ɓoye-ɓoye ba

Akwai dalilai uku da ke sa mutum ya so rubuta kanel, kuma hukuncinsu ya sha bamban ƙwarai. Idan koyo kake so, to rubuta shi, kada ma ka tsaya dogon nazari, domin babu darasin da ke koya wa mutum yadda kwamfuta take aiki kamar ya ga na'urarsa tana sake tashi da kanta saboda ya yi kuskuren harafi guda a teburin katsewa, wato jerin da ke gaya wa furosesa abin da zai yi idan wata na'ura ta katse shi. Andrew Tanenbaum ya rubuta MINIX a 1987 don koyarwa, jami'ar MIT kuma ta fitar da xv6 a 2006 da manufa iri ɗaya, kuma ƙanƙantarsu ita ce amfaninsu, tunda ɗalibi yana iya karanta su gaba ɗaya. Idan bincike kake yi, wato kana so ka gwada wani sabon ra'ayi game da tsaro ko rabon aiki, nan ma sabon kanel yana da gurbi, muddin ka yarda cewa abin da za ka fitar hujja ce ta ra'ayin, ba kayan da jama'a za su dogara da shi ba. Dalili na uku shi ne kana gina abin da za a sayar ko a yi aiki da shi kullum, kuma sauran wannan jagorar a kansa take. Matsala tana yawan tasowa ne idan sha'awar koyo ta ɓuya a bayan hujjar kasuwanci, mutum ya shawo kan abokan aikinsa cewa kamfani na buƙatar sabon kanel, alhali shi ne yake marmarin rubuta shi.

Mataki na biyu: ka mayar da buƙatunka lambobi

Kalmomi irin su sauri, sauƙi da tsaro ba sa raba gardama, domin kowane kanel yana da'awar yana da su. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da za a iya aunawa. Wane furosesa ne, kuma yana da sashen da ke raba wa kowane shiri nasa filin memori ko ba shi da shi? Memorin nawa ne, kilobait ne ko gigabait? Idan sigina ta shigo daga na'urar auna wani abu, cikin lokaci nawa dole a amsa, kuma me zai faru idan aka makara sau ɗaya a cikin miliyan: hoto ne zai ɗan girgiza, ko inji ne zai ji wa mutum rauni? Cikin daƙiƙa nawa dole na'urar ta tashi? Shekara nawa za ta yi a hannun mai ita? Akwai hukumar da za ta nemi shaidar ingancin kowane layi kafin ta ba da izini, kamar yadda ake yi a harkar jiragen sama, motoci da kayan asibiti?

Waɗannan amsoshin kaɗai sukan rage 'yan takara. Ƙaramin guntun sarrafawa mai memori na 'yan kilobait ba wurin Linux ba ne, amma wannan bai zama dalilin rubuta sabo ba, tunda ƙaramin kanel ɗin FreeRTOS yana nan tun 2003 don irin wannan aikin, Zephyr kuma yana ƙarƙashin Gidauniyar Linux tun 2016. Wanda ke buƙatar amsa cikin ƙayyadadden lokaci tare da shaidar inganci yana da QNX, wanda motoci masu yawa ke amfani da shi, da VxWorks, wanda ya tafiyar da motocin bincike na Curiosity da Perseverance a duniyar Mars. Abin lura, ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na Ingenuity, wanda ya tashi a can a watan Afrilun 2021, Linux ne a cikinsa, a kan furosesa irin na wayar hannu. Ko a aiki mai tsanani irin wannan, injiniyoyin sun zaɓi abin da ke akwai ga kowane ɓangare gwargwadon buƙatarsa.

Mataki na uku: ka lissafa kowace na'ura da kanel ɗin zai yi magana da ita

A nan ne gizo ke saƙa, saboda haka zan daɗe a kansa. Sigar farko ta Linux, mai lamba 0.01, layi kusan 10,000 ce. Sigar 1.0 da ta fito a watan Maris na 1994 ta kai layi kusan 176,000. Yau maganar ta wuce layi miliyan 30 da nisa, kuma fiye da rabin wannan tarin direbobin na'urori ne, wato ƙananan shirye-shiryen da suka san yaren kowane katin sadarwa, kowane guntun sauti da kowane faifai. Sashen da mai sha'awar rubuta kanel yake mafarkinsa, wato mai raba lokaci da mai kula da memori, ɗan ƙaramin yanki ne idan aka kwatanta. Ma'ana, wanda ya bar kanel da ke akwai ya bar aikin shekaru talatin na mutanen da suka zauna da kowace na'ura har suka gano inda take saɓa wa abin da takardunta suka faɗa.

Ga yadda abin yake a kusa. Mutum ya rubuta ƙaramin kanel, ya tada shi a cikin QEMU, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, ya zuba haruffa a adireshin memori 0xB8000, sai gaisuwarsa ta bayyana a kusurwar baƙin allo. Ya ƙara direban madannai na tsohon salo, wanda bai wuce layi kaɗan ba, ya ga abin da yake bugawa yana fitowa. Daga nan sai ya saka kanel ɗin a filashi ya kai shi ga kwamfutar tafi-da-gidanka ta zamani, inda zai tarar allon haruffan nan babu shi, domin na'urar tana tashi ne da UEFI, manhajar zamani da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, kuma dole ya zana kowane harafi ɗigo-ɗigo. Madannan da ya jona ta USB suna buƙatar ya fara rubuta mai binciken layin PCI, hanyar da sassan cikin kwamfuta ke magana da furosesa, sannan direban mai kula da USB, sannan tsarin gano abin da aka jona, sannan fassarar saƙonnin madannai, duk kafin harafi guda ya fito. Idan kuma yana so ya kashe na'urar da kyau ko ya karanta yawan cajin batir, sai ya fuskanci ACPI, wanda ke da nasa ƙaramin yaren da dole kanel ya iya fassarawa. Har yanzu ba a zo maganar wayafai ba, balle katin hoto, waɗanda masu ƙera su da yawa ba sa fitar da cikakkun takardunsu ga kowa.

Don haka ka yi jerin: kowane guntu da ke kan allonka, wato falanken lantarkin na'urarka, sunansa, ko akwai takardar bayaninsa a buɗe, da kuma kanel ɗin da mai ƙera shi ya riga ya rubuta wa direba. Kusan kullum amsar ta ƙarshe Linux ce, wani lokaci tare da Windows. Idan jerin bai wuce abu biyar ko shida masu sauƙi ba, kuma kai ne ke da ikon zaɓar su, ƙofar sabon kanel tana nan a buɗe. Idan kuwa ana so ya yi aiki a kan kowace kwamfutar da mai saye ya kawo, tarihin waɗanda suka gwada ya ishe ka darasi. Aikin GNU Hurd ya fara a 1990, kuma har yanzu bai kai sigar 1.0 ba. Haiku, wanda aka fara a 2001 don farfaɗo da tsohon tsarin aiki na BeOS, ya samu direbobin sadarwarsa da yawa ne ta hanyar gina gadar da ke ba shi damar ɗaukar na FreeBSD, wani tsarin aiki na jama'a, shi kuma FreeBSD yana da irin wannan gadar don ɗaukar direbobin hoto na Linux. Waɗannan ayyuka ne na mutane masu basira da juriya, kuma dukansu a kan direbobi suka fi shan wahala.

Mataki na huɗu: ka lissafa manhajojin da dole su yi aiki a kansa

Ba wanda ke sayen na'ura don kanel ɗinta. Manhajar da ke kai ce ake so. Kowace manhaja tana neman hidimar kanel ta wasu ƙofofi sanannu, kamar buɗe fayil, neman memori, ƙirƙirar sabon aiki ko aika saƙo ta intanet, kuma Linux yana da irin waɗannan ƙofofin sama da 300. Yawansu ma ba shi ne babbar wahala ba. Wahalar tana cikin ƙananan ɗabi'unsu: wane kuskure ake mayarwa a wane yanayi, me ke faruwa idan sigina ta katse karatu a tsakiya, wane fayil na musamman ne wata manhaja ke leƙawa ba tare da kowa ya rubuta hakan a ko'ina ba. Misalin Microsoft ya fi kowane bayani. A 2016 kamfanin ya fitar da WSL, wani sashe da ke fassara buƙatun manhajojin Linux zuwa na kanel ɗin Windows, kuma ya yi aiki gwargwado, amma akwai manhajojin da suka ƙi, aikin fayiloli kuma ya yi nauyi. A 2019 sai suka sanar da WSL 2, inda suka ajiye fassarar suka saka ainihin kanel ɗin Linux a cikin ƙaramar na'urar kwaikwayo. Idan kamfani mai wannan ƙarfin, wanda ke da nasa kanel tun 1993, ya ga ɗaukar na asali ya fi kwaikwayonsa sauƙi, ƙaramar tawaga ta yi tunani sosai kafin ta yi alkawarin cewa manhajojin Linux za su yi aiki a kan nata ba tare da gyara ba. ReactOS, wanda ke ƙoƙarin kwaikwayon Windows tun ƙarshen shekarun 1990, har yanzu yana matakin gwaji na farko saboda wannan dalilin.

Idan duk manhajar da za ta hau na'urar taku ce, ku kuka rubuta ta, wannan matakin bai dame ku ba. Idan kuwa kuna buƙatar burauza, rumbun bayanai ko yaren shirye-shirye na zamani da ɗakunan karatunsa, wato tarin shiryayyun sassan da ake jingina da su, to kusan an riga an yanke hukuncin.

Mataki na biyar: ka gwada 'yan takara da niyyar kayar da su

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka zaɓi biyu ko uku da suka rage bayan matakan baya, ka ɗora su a kan ainihin allon da za ka yi amfani da shi, ka auna lambobin da ka rubuta a mataki na biyu. Idan jinkirin amsa ne damuwarka, akwai manhajar cyclictest, wadda ke auna tazarar da ke tsakanin lokacin da ya kamata a tashi wani aiki da lokacin da aka tashe shi a zahiri. Ka gudanar da ita tsawon sa'o'i da yawa yayin da ka cika furosesa, faifai da hanyar sadarwa da aiki, kuma ka dubi lamba mafi muni, domin matsakaiciya ba ta gaya maka komai game da ranar da abu zai ɓaci. Ka tuna cewa gyare-gyaren PREEMPT_RT na sa Linux ya amsa cikin ƙayyadadden lokaci, waɗanda aka shafe kusan shekara ashirin ana renon su a gefe, sun shiga babban reshen Linux a sigar 6.12 a ƙarshen 2024, saboda haka tsohuwar maganar cewa Linux ba ya iya aikin ƙayyadadden lokaci tana buƙatar a sake auna ta a kan na'urarka. Idan girma ko lokacin tashi ne damuwar, ka gina ƙaramin tsari da kayan gini irin Buildroot ko Yocto, ka cire duk abin da ba ka buƙata, sannan ka auna.

Abin da ake nema a ƙarshen wannan matakin jimla ce guda da za a iya rubutawa: kanel kaza ya kasa buƙata kaza da tazara kaza, kuma mun gano dalilin. Sau da yawa binciken dalilin yakan nuna cewa laifin na direba guda ne, ko na wani saiti a cikin firmwayar allon, wato manhajar da mai ƙerawa ya dasa a ciki, abin da sabon kanel ma ba zai kuɓutar da kai daga gare shi ba. Idan ba ka iya rubuta wannan jimlar ba, ba ka da hujjar ci gaba zuwa ga rubuta sabo.

Mataki na shida: ka hau tsanin daga ƙasa

Tsakanin ɗaukar kanel yadda yake da rubuta sabo akwai matakala da yawa, kuma kowace ta fi ta samanta arha. Ta farko ita ce saiti kawai, domin Linux yana da zaɓuɓɓukan gini dubbai. Ta biyu ita ce ƙari ba tare da taɓa jikin kanel ba: direba da ake lodawa daga baya, ko tsarin fayil da ke gudana a wajen kanel ta hanyar FUSE, ko ƙananan shirye-shiryen eBPF da kanel ke tantancewa kafin ya gudanar da su, waɗanda tun sigar 6.12 har mai raba lokacin furosesa ana iya rubutawa da su. Masu buƙatar saurin sadarwa na musamman sukan tsallake kanel ɗin gaba ɗaya da DPDK, su bar shi yana kula da sauran hidimomi.

Ta uku ita ce gyara jikin kanel ɗin, kuma a nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Linux yana tsananin kiyaye alkawarinsa ga manhajojin da ke samansa, amma bai yi wa kowa alkawarin cewa tsarin cikinsa zai tsaya yadda yake ba, kuma sabuwar siga tana fitowa kusan kowane mako tara ko goma da sauye-sauye sama da 10,000. Gyaran da ka riƙe a wurinka kai kaɗai zai riƙa karyewa a kowace siga, sai ka sake ɗinke shi. Maganin shi ne ka tura gyaran ga masu kula da babban reshe, ka jure bitarsu, domin da zarar an karɓa, duk wanda ya sauya wani abu a ciki shi ne zai gyara naka tare. Android ya ɗanɗana wannan. Ya ɗauki Linux, ya ƙara masa nasa sassan kamar Binder, masu ƙera guntu da masu ƙera waya kuma kowa ya ƙara nasa, har aka wayi gari wayoyi suna ɗauke da kanel da suka yi nisa da na asali, sabunta tsaro ya zama aiki mai wuya. Google ya shafe shekaru yana jawo su zuwa ga kanel guda na bai-ɗaya.

Ta huɗu ita ce haɗa biyu: ƙaramin kanel mai tsauri ya riƙe aikin da ba ya jure kuskure, Linux kuma ya gudana a gefensa, a wani furosesa ko a cikin na'urar kwaikwayo, yana kula da allo da intanet. Na'urori masu yawa a masana'antu da motoci haka aka gina su, kuma a ganina wannan ce amsar da ta dace da mafi yawan waɗanda suka zo da ƙorafi na gaskiya a mataki na biyar. Ta biyar ita ce ɗaukar wani kanel ka mayar da shi tushen naka. Apple ya gwada gina sabon tsari mai suna Copland, ya soke shi a 1996, ya sayi kamfanin NeXT, kuma kanel ɗin da ke cikin kwamfutocinsa da wayoyinsa a yau haɗin tsofaffin kanel biyu ne, Mach da BSD. Ko Zircon, kanel ɗin tsarin Fuchsia na Google, daga wani ƙaramin kanel mai suna LK ya samo asali.

Mataki na bakwai: ka karanta lasisi

Linux yana ƙarƙashin lasisin GPL siga ta biyu, wadda ke wajabta wa duk wanda ya rarraba kanel ɗin da ya gyara ya ba da tushen gyaran ga waɗanda suka karɓa. Wannan sharaɗin bai shafi manhajojin da ke gudana a samansa ta hanyar da aka saba ba. Idan duk da haka sharaɗin bai yi wa kamfaninku ba, lasisin BSD ya fi sassauci, kuma shi ya sa Sony ya gina tsarin PlayStation 4 a kan FreeBSD. FreeRTOS yana da lasisin MIT, Zephyr kuma Apache 2.0. Matsalar lasisi dalili ce ta sauya ɗan takara, kuma ya kamata lauya ya duba ta tun da wuri.

Mataki na takwas: ka yi lissafin shekara goma

Ka rubuta sunayen mutanen da za su kula da kanel ɗin, sannan ka tambayi kanka abin da zai faru idan biyu daga cikinsu suka bar aiki. Mai neman wanda ya san Linux ko FreeRTOS zai same shi a kasuwar aiki da littattafai da amsoshin tambayoyi a shirye, amma kanel na cikin gida ba wanda ya san shi sai waɗanda suka rubuta shi, kuma duk sabon ma'aikaci daga farko zai fara. Bayan mutane akwai kayan aiki: mai bin diddigin kuskure, mai auna inda lokaci ke tafiya, da injinan gwaji irin syzkaller da ke jefa wa Linux buƙatu barkatai dare da rana don tono ɓaraka. Sannan akwai abin da ba ka isa ka hango ba. A watan Janairun 2018 aka bayyana raunin Meltdown da Spectre, waɗanda ke cikin ƙirar furosesa kanta, kuma ya zama dole manyan kanel su sauya yadda suke raba memori. Masu amfani da kanel na jama'a sun jira gyara ya iso, wanda ke da nasa kuwa shi ne zai karanta takardun, ya fahimta, ya rubuta, ya gwada.

Adalci ya sa a faɗi cewa ɗaukar na jama'a ma yana da nasa nauyin. Dole ka riƙa bin sabuntawa, kuma tsawon tallafin da ake ba sigogin dogon zango na Linux yana iya gaza rayuwar na'urarka, shi ya sa aka kafa shirin CIP, wanda ke riƙe wasu zaɓaɓɓun sigogi na aƙalla shekara goma don kayan masana'antu. Ka saka wannan a lissafin ɓangarorin biyu.

Mataki na tara: ka duba ko kana cikin 'yan kaɗan ɗin da sabo ya cancanta gare su

Akwai su, kuma bai kamata a raina hujjarsu ba. Mafi ƙarfi ita ce buƙatar tabbaci irin na lissafi. A 2009 masu bincike a cibiyar NICTA ta Ostareliya suka kammala hujjar lissafi cewa kanel ɗin seL4 yana yin daidai abin da aka tsara masa. Kanel ɗin layi kusan 8,700 ne na yaren C, hujjar kuwa ta kai layi kusan 200,000, kuma ta ci aikin da ya kai na mutum guda na kusan shekara ashirin. Ba za a iya yin irin wannan ga kanel mai layi miliyoyi ba, saboda haka ƙanƙanta a nan wajibi ce. Sai dai tun 2014 seL4 a buɗe yake ga kowa, wato mai wannan buƙatar a yau yana da abin ɗauka. Hujja ta biyu ita ce sabuwar ƙirar na'ura ko sabon tsarin tsaro da ya saɓa wa tushen tunanin Unix, tsohon tsarin da Linux da BSD suka bi sawunsa, ta yadda gyara tsohon zai fi rubuta sabo wuya. Ta uku ita ce kamfani mai ƙarfin da zai jure shekaru babu riba: Windows NT ya ɗauki daga 1988 zuwa 1993 a hannun tawagar Dave Cutler, wanda ya riga ya gina tsarin aiki na VMS kafin nan, Fuchsia kuma ya bayyana a 2016 amma sai 2021 ya fara isa hannun jama'a, a kan na'urar Nest Hub. Sha'awar yare mai kiyaye memori, kamar Rust, ta haifi Redox a 2015, amma Linux ma ya fara karɓar Rust tun sigar 6.1 a ƙarshen 2022, don haka wannan hujjar ita kaɗai ta rage ƙarfi.

Mataki na goma: idan hukuncin ya faɗa kan rubutawa

Ka taƙaita fagen tun ranar farko: furosesa iri guda, allo guda, da jerin na'urorin da ba za a ƙara masa komai ba sai an gama. Ka yi amfani da mai tada na'ura da ke akwai, kamar GRUB ko U-Boot, domin rubuta naka ba ya ƙara maka komai. Ka fara a QEMU tare da GDB, inda za ka iya tsayar da furosesa ka leƙa cikinsa, amma ka riƙa gwadawa a kan ainihin ƙarfe tun makonnin farko, kada bambancin ya taru. Direba na farko ya zama na layin siriyal, hanya mafi sauƙi ta aika rubutu zuwa wata kwamfuta, saboda ta nan ne kanel zai gaya maka abin da ya kashe shi. Bayan haka sai kula da katsewa da kurakuran furosesa, sannan rabon memori da teburan shafuka, sannan agogo da sauya aiki, sannan gudanar da shiri na farko a wajen kanel tare da ƙofofin da zai nemi hidima ta cikinsu. Tun kafin wannan matsayin ka yanke shawara ko direbobi za su zauna a cikin kanel ko a wajensa, da kuma ko za ka bi ƙa'idar POSIX ta ƙofofin neman hidima irin na Unix, domin sauya ɗayan biyun daga baya kusan sake gini ne. Ka yi tunanin furosesa mai ƙwaya da yawa, wato sassan da ke aiki a lokaci guda, tun a tsarin farko ko da ba za ka kunna su yanzu ba, saboda saka makullan da ke hana ƙwayoyin yin karo a cikin kanel da aka gina da zaton ƙwaya guda aiki ne da ya ci Linux da FreeBSD shekaru.

Duk abin da za a iya arowa a aro shi: ACPICA don ACPI, lwIP don sadarwa, ƙaramin ɗakin karatun C irin newlib ko musl, da direbobin NetBSD, waɗanda aka tsara hanyar gudanar da su a wajen gidansu. Sannan kafin a rubuta layin farko, tawagar ta amince a rubuce kan rana da ma'auni, misali cewa bayan wata shida dole sabon kanel ya doke ɗan takarar mataki na biyar a lambar nan da aka ce ya kasa, a kan allo ɗaya da gwaji ɗaya. A ci gaba da riƙe wancan ɗan takarar yana aiki a gefe har zuwa ranar, tare da manhajarku a kansa, domin idan ma'aunin bai cika ba a samu inda za a koma ba tare da an rasa lokacin fitar da kaya ba.